Zare Biyu a Jirgin Ulbe

Shekara talatin da ɗaya ke nan Ulbe masassaƙi yana zaune daidai tagata. Ba a gida ba, a jirgin ruwa. Wani tsohon jirgin dakon dankali ya samu ya ɗaure a bakin gaɓa, ɗakin baya ya zama makwancinsu shi da matarsa Froukje, cikin jirgin kuma, inda a da ake jibge kaya, ya zama shagon aikinsa. Ni kuwa ba ni da sana'ar da ta wuce kallo. Shekarata tamanin da shida, ƙafa ta ƙi, ido bai ƙi ba, baki kuwa sai abin da ya ci gaba. Beppe Geeske ake ce mini, kakar kowa, har da tsofaffin da ban ba su shekara goma ba.

Aikin Ulbe allon suna. Duk jirgin da ya san mutuncin kansa a ruwan Friesland yana da guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, an sassaƙa baƙaƙen an cika su da ruwan zinariya. Masu yin su ba su taɓa yawa ba, kuma kowa da hannunsa. Na Ulbe ko daga ƙetaren tafki na hango sai na gane, saboda K ɗinsa. Takan miƙa ƙafa ɗaya baya, kamar mai zamiya a kan ƙanƙara ya ɗauki kwana.

Kada a yi mamakin yadda na damu da baƙaƙe. A jirgi aka haife ni, tsakanin gada da gada, kuma ban taɓa zama a bencin makaranta ba. Yau muna nan da lodin taki, jibi muna can da yashi, wane malami ne zai bi mu da alli? Abin da na sani a jikin jirage na tsinta. Babana yana riƙe da akalar jirgi, duk wanda ya gifta sai ya faɗi sunansa, ni kuma in ƙura wa allon ido har ya ɓace. Shi ya sa manyan baƙaƙe 'yan'uwana ne. Ƙanana kuwa har yau gaisuwar nesa muke yi.

Ulbe ba ɗan ruwa ba ne, wannan a riƙe shi. Ɗan kafintan tudu ne, a shagon ubansa ya tashi, inda daɓe yake kwana inda aka bar shi. Jirginsa bai taɓa kwance igiya ba tun da ya ɗaure shi. Komai daɗewar gungume a ruwa ba ya zama kifi.

Bara waccan na fara lura da hannunsa. Yakan zo shan kofi wurina kowace Talata da ƙarfe goma, sai na ji kofin yana ƙara a kan faranti, kar-kar-kar. Na yi kamar ban ji ba, na dai rage cika masa. Da sanyi ya shigo, kurfi ya kuɓuce masa ya yanki babban yatsa, likita ya ɗinke, ya kuma ba ciwon suna. Sunan bai tsinana komai ba, hannu dai ya ƙi tsayawa. Mutumin da yake raba layin fensir biyu da kurfi ya koma maɓallin rigarsa ma sai an taya shi.

Froukje ba muguwa ba ce, kada wani ya ɗauka haka. Gwiwoyinta ne suka gaji. Katakon shiga jirgi siriri ne, in an yi ƙanƙara ga santsi, matakalar ɗakinsu kuma a tsaye take kamar tsani. Ta sa sunansu a layin masu neman gida a garin Drachten, bene mai na'urar hawa, mai manyan tagogi, kusa da 'yarsu. A watan Janairu takarda ta zo: gida ya samu, a ba da amsa kafin Mayu ya ƙare.

To ga kuma Wopke. Shi ne matuƙin tsohon jirgin garinmu mai zanen iska, irin wanda iska take turawa, Jonge Minke, wanda aka yi shekara huɗu ana gyara a tudu. Ƙato ne, kilo ɗari da ashirin ba takalmi, in ya yi dariya agwagi sai su tashi. An sa ranar mai da jirgin ruwa, Asabar ɗin ƙarshen Mayu, kuma tun hannun Ulbe yana lafiya ya yi masa alkawarin alluna. Katako uku Wopke ya ajiye a saman rumbunsa shekara tara suna bushewa, duk daga itace ɗaya, biyu na aiki, ɗaya na ko-ta-kwana.

A teburina aka yanke magana. Ulbe ya ce, "In alluna biyu sun hau jirgin Wopke ran Asabar ɗin nan, kuma ban sunkuyar da kai ba, mu zauna. In ba su hau ba, ki sa hannu a takardarki, in sayar da jirgi, mu tafi in riƙa ƙirga motoci ta taga."

Froukje ta ce, "Da wane hannun za ka yi su, Ulbe?"

"Da inji."

Froukje ta juyo ta ce, "Beppe, kin ji ko? Ke ce shaida."

Na ce na ji, kuma ina so in ga injin da zai iya miƙe ƙafar K.

Watan Fabrairu duka a zaɓen inji ya ƙare. Ɗakina ya fi jirgi ɗumi, sai ya riƙa zuwa da kwamfutarsa ya baje a teburina, ina yanka masa burodin sukari ina yi masa tambayoyi har ya gaji. Abin da na fahimta, tebur ne mai dogayen ƙarafa biyu a gefe, wata gada tana tafiya a kansu gaba da baya, a jikin gadar akwai kai mai haƙori ɗaya da yake juyawa har ido ba ya ganinsa. Kwamfuta ce take gaya masa je dama, je hagu, nutsa, ɗago.

Na ce, "Yana da ido?"

"Ba shi da ido, Beppe."

"To yaya zai san inda katako yake?"

"Ni zan nuna masa kusurwa ɗaya, in ce nan ne farko. Saura ya ƙirga."

"In ka yi masa ƙarya fa?"

"Sai ya sassaƙa ƙaryar, tsaf."

"Ashe makaho ne mai ƙarfi. Na taɓa auren irinsa."

Akwai waɗanda ake sayarwa a haɗe, a sauke maka ka sa wuta kawai. Su ya fi so, saboda hannun. Amma ƙofar saman jirgin, wadda komai yake bi ya shiga shago, faɗinta santimita saba'in da biyu ne. Sau uku ya auna ta, ko za ta ji kunya ta ƙaru. Dole sai wanda yake zuwa gunduwa-gunduwa, a zura shi kamar itacen wuta a haɗa a ciki. Sannan ga tsawo. Allon Jonge Minke mita ɗaya ne da santimita arba'in, don haka ƙananan injunan nan na masu yin allon yanka cuku duk suka fita. Saura biyu. Ɗaya bel ke jan gadarsa, ɗaya kuma doguwar sandar ƙarfe mai murɗe-murɗe, irin wadda noti yake hawa. Mai bel ya fi sauri, ya fi sauƙin haɗawa. Ulbe ya yi mako yana jujjuya su. Akwai wani zaure a cikin kwamfutar inda maza daga ƙasashe suke taruwa suna gardama a kan wannan, babbansu wani mutumin Finland da duk tambayar da aka yi masa sai ya amsa da wata tambayar.

Na ce, "Bel ɗin nan da me aka yi shi?"

"Roba."

"Igiya ke nan da ta yi karatu. Na san halin igiya. Ka ja ta da nauyi ta yi maka biyayya yau, gobe ta ƙara maka yatsa guda. Katakon Wopke kuwa ƙarfe ne ya yi shigar itace."

Ya ce mutumin Finland ma haka ya ce, amma cikin shafi biyu. Ya zaɓi mai sanda. Froukje ta kafa nata sharaɗin, sai da injin zuƙe ƙura, don ba za ta ci dusar katako a miyar wakenta ba.

Kwali bakwai suka zo farkon Maris. Mai motar da ya kawo su ya dubi katakon shiga jirgi, ya dubi ruwa, ya jere su a gaɓa ya ce shi iyakarsa tudu. Wopke ya kwashe. Daga nan na kasa haƙuri da taga. Na sa aka kai mini kujera bakin ƙofar sama, Froukje ta riƙa tsallakar da ni, in zauna da bargo da kofi ina leƙen su kamar mai leƙen rijiya.

Notuna ne a 'yan ledoji, kowace da lambarta, ɗari huɗu da wani abu. Nan hannun Ulbe ya nuna hali. Ya ɗauki noti kamar ƙwayar wake, kafin ya kai shi bakin rami ya yi tsalle, ya gangara ta tsakanin katakan daɓe, ya tafi ƙasan jirgi inda ba a dawowa. Ranar farko goma sha ɗaya suka tafi. Washegari Froukje ta sauka da kwalayen ƙwai, ta rarraba notunan gida-gida, ta zauna a kan akwati ta miƙe gwiwa. Shi yana nuna rami yana riƙe ƙarfe da hannu biyu, ita tana ɗaurawa da yatsunta na saƙa.

Na leƙa na ce, "Ke da kike son Drachten?"

"Ina so mana. Amma ba za a ce noti ne ya kai ni ba."

A mako na uku aka zo kafa tebur. Littafin da ya zo da injin ya ce sai an daidaita shi, kada wani gefe ya fi wani. Ulbe ya ɗauko sandar awon magina ta ubansa, mai 'yar kwalba da kumfa ɗaya a ciki, in kumfar ta tsaya tsakiya a ce abu ya daidaita. Ya gitta ta a kan teburin ta gaba. Wopke yana tsaye a dama yana haska masa fitila. Jirgi ya ɗan kwanta dama, kamar yadda kowane jirgi zai yi in an tara masa nauyi a haƙarƙari ɗaya. Kumfa ta gudu. Suka cusa ɓallin katako a ƙarƙashin ƙafar dama har ta dawo tsakiya. Suka koma ƙarshen teburin ta baya. A nan akwai tarin katako a dama, sai Wopke ya zaga ya tsaya hagu. Jirgi ya bi shi. Kumfa ta gudu ɗaya gefen, suka cusa a ƙafar hagu. Su ba su ji komai ba. Ni a ƙuguna na ji, kafin ma in ga ruwan kofi ya jingina a cikin kofina.

Na ce, "Ulbe, wannan sandar me take nema a cikin jirgi?"

"Shafi na goma sha tara, Beppe. Haka littafi ya ce."

"Wanda ya rubuta littafin, a kan me yake tsaye?"

Wopke ya ɗauki littafin ya miƙo mini sama. "Ungo, Beppe, karanta mana, ƙila mun tsallake layi."

Ya kece da dariyarsa, agwagi suka tashi. Wannan bai dame ni ba, Wopke tun yana cikin gajeren wando bakinsa yake rigan hankalinsa fita. Amma Ulbe ma ya yi dariya. Kaɗan, ta hanci, amma na ji.

Na shanye kofina, na naɗe bargona, na ce Froukje ta raka ni. Ina jin su suna ɗaure ƙafafun teburin a daɓe da manyan notuna, kowace ƙafa a kan ƙaryarta. Gaba ya karkata nan, baya ya karkata can, tebur ya murɗe kamar tsumman da ake matsewa, sai dai ido ba ya gani. Na ce a raina wanda bai ji bari ba, zai ji hoho. Kuma in faɗi gaskiya, ban da fushi akwai son gani. Ina so in ga yadda makahon nan zai yi da murɗaɗɗen tebur.

Ban ƙara tsallakawa ba. Afrilu ya tafi a haɗa wayoyi da koyar da injin baƙaƙen Ulbe, don ya ɗauki hoton tsofaffin takardun zanensa na shekara arba'in ya zuba masa a ciki. Yana zuwa kofi ran Talata, yana ba ni labari, ina cewa "Madalla." Har ya sassaƙa ɗan kifi kamar tafin hannu da GEESKE a jikinsa ya kawo mini. Ya yi kyau, na yarda, K ɗin ma tasa ce. Amma ƙaramin abu ba ya tona murɗa. Na jingina shi a taga, na ci gaba da jira.

Saura kwana goma sha biyu a mai da jirgin Wopke ruwa, ya ɗora katakon farko. Na ji kukan injin tun safe har azahar, sai shiru. Can ya fito da allon ya jingina a saman jirgi yana kallo, ni ma ina kallo daga nan. J na farko kansa ya nutse, ya yi kauri, ƙafarsa kuwa da kyar aka taɓa ta. Tsakiya lafiya lau. E na ƙarshe ƙafarsa ta nutse, kansa ya bushe. Baƙaƙe goma kamar mutanen da aka jera a kan abin da yake juyewa. Katakon shekara tara ya zama na murhu.

Kwana biyar ya yi yana neman dalili. Ya canza haƙori, ya sake ɗaure wayoyi, ya gwada a dogon katakon banza, duk haka. Mutumin Finland ya yi masa tambaya goma sha huɗu. Babu wadda ta ce, shin a kan ruwa kake? Wa zai kawo wannan a ransa?

Ranar Talata ƙarfe goma ta yi, kujerarsa babu kowa. Froukje ce ta shigo, da yadin labule a hannu, shuɗi mai 'yan furanni, ta zauna tana ɗinka bakinsa.

Na ce, "Na Drachten ne?"

"Ya ce in sa hannu. Wai hannunsa ne. Wai ko inji ya haɗa, rawar ta shiga cikinsa." Ta ciji zare. "Na ci nasara, Beppe. Sai dai jiya na soya masa kifi, ya tura wa mage."

Na dubi kifin katakon da ke taga. Na ce, "Ba hannunsa ba ne. Teburin ne a murɗe. Wopke ne ya murɗe shi da nauyinsa ranar da suka yi awo."

Allura ta tsaya. "Tun ranar kin sani?"

"Tun ranar."

"Kika yi shiru wata biyu?"

"Sun yi mini dariya."

"Shekara tamanin da shida, kina fushi kamar 'yar shekara shida! Haba, Beppe!"

Ban musa ba, gaskiya ko daga bakin wa ta fito gaskiya ce. Na ce, "Zagin ya isa, yanzu ki ji. Daga ni sai ke muka sani. In na tsallaka na gyara, Drachten ta tafi. Ba gwiwata ba ce take hawa tsanin nan. In kin ce in ci gaba da shiru, na iya, kin gani."

Ta daɗe tana shafa yadin a cinyarta. Na ji tausayinta, don na san sau nawa ta auna tagogin nan a ranta. Sai ta ce, "Me za ki buƙata?"

"Zare. Mai ƙarfi, marar kauri."

Ta zaro ƙwaryar zaren da take ɗinkin labule da shi ta dangwara a tebur. "In na kai shi Drachten a haka, gawa zan kai mai cin abinci. Tashi."

Aka kira Wopke. Matakalar shagon hawa tara ce, rabona da irinta shekara ashirin. Na ce masa ya tsaya a ƙasa, in na faɗo shi ne katifa. Na sauka da baya, yadda ake sauka a jirgi, ina jin Ulbe yana cewa, "Beppe, me ya yi zafi?" Na same shi a kan akwati, hannuwa a matse tsakanin gwiwoyi don kada in ga suna rawa.

Na ce, "Ɗauko sandar ubanka. Gitta ta a nan. Yawwa. Ka ƙura wa kumfar ido, kada ka taɓa komai. Wopke, je ka jingina da bangon dama."

Wopke ya tafi. Kumfa ta sulale.

"Koma hagu."

Ta sulale ɗaya gefen.

"Dawo. Ƙara komawa. Ba ka taɓa yin aiki mai amfani irin wannan ba."

Ulbe ya sunkuya kan sandar. Ya bi kumfar da ido sau huɗu, sai ya ɗora hannu a ka.

Na ce, "Sandar nan ƙasa take tambaya, kai kuwa ba a ƙasa kake ba. Shekara talatin kana kwana a kan ruwa ba ka taɓa jin yana numfashi ba? Teburinka babu ruwansa da daidai da ƙasa, ko a karkace yake zai yi aiki. Abin da ba ya so murɗa."

Wopke ya ce, "Ni ma fa ɗan ruwa ne, Beppe."

"Shi ya sa naka laifin ya fi. Kawo noti huɗu, iri ɗaya."

Yadda babana ya kafa gadon inji a jirginmu ke nan, shekarar da muka naɗe zanen iska muka koma inji. Ina da shekara goma sha ɗaya, ni na riƙe masa bakin zare. Noti ɗaya a kan kowace kusurwa. Zare ɗaya ya tashi daga gaba ta dama, ya hau kan noti, ya tafi baya ta hagu. Ɗaya ya tashi daga gaba ta hagu ya tafi baya ta dama. A ja su su miƙe. In tebur ba shi da murɗa, inda suka gitta a tsakiya za su taɓa juna, taɓawa kawai, babu mai danne wani. Froukje ta ɗaura, don yatsunta ne masu hankali a wurin. Muka sunkuya mu huɗu. Tsakanin zare da zare, ƙaramin yatsana ya shige ya fito bai taɓa ko ɗaya ba.

Ulbe ya ce, "Kai!" a hankali.

Na ce, "To, hannunka ne wannan?"

Suka kwance manyan notunan daɓe, suka zare duk ɓallin da suka cusa, suka fara sabo. A ƙara siririn katako a nan, a duba. A rage a can, a duba. Ratar tana ƙanƙancewa, daga yatsa ta koma kaurin biskit, ta koma kaurin takarda. Can Froukje ta ce, "Sun sumbaci juna." Na sa Wopke ya zaga shagon sau biyu, har da tsalle. Kumfa tana ta kai-komo kamar mahaukaciya, zare biyu ko gezau.

Ulbe ya dube ni ya ce, "Beppe, ranar nan..."

Na ce, "Ajiye. Saura kwana huɗu, kuma katakonka biyu, babu na uku."

Laraba ya sa injin ya aske fuskar teburinsa, ya gwada a katakon banza. Alhamis aka ɗora na gaske. Na sa aka sake saukar da ni shagon, na ce a bar ni a ƙasa, na toshe kunne da auduga, don ba zan hau tsanin nan sau biyu ban ga abin da na zo gani ba. Abin kallo ne kuwa. Ba ya rubutu kamar mutum, daga farko zuwa ƙarshe. Ya tsaga cikin O, ya tashi ya tafi ya taɓa kusurwar M, ya dawo, kamar kaza tana tsintar tsaba. Ulbe yana tsaye, hannu ɗaya a kan jan maɓallin tsayarwa, hannun yana rawa, idon ba ya rawa. Da aka zo K na riƙe numfashi. Haƙorin ya gangaro, ya ɗan lanƙwasa, ya miƙa ƙafar baya yana ɗagowa a hankali har ta ƙare siririya kamar gashi. Tasa ce. Wopke ya buɗe baki zai yi magana, na daka masa sanda a ƙafa.

Na biyu ya fito ran Juma'a da safe. Ruwan zinariya Froukje ta cika, shi yana tsaye a kanta yana cewa ta yi yawa, ta yi kaɗan, har ta ce in ya ƙara magana za ta shafa masa a hanci. Fentin ko gama bushewa bai yi ba aka ɗaura su.

Ran Asabar ban je wurin taron ba, ƙafata ta karɓi bashin tsanin nan. Daga taga na ga Jonge Minke ta taho da zanenta a buɗe, jama'a a gaɓa suna tafi. Na karanta sunan daga farko har ƙarshe, kowane baƙi kansa da ƙafarsa zurfi ɗaya. Ulbe yana tsaye a saman jirginsa da hular zuwa coci, kansa a ɗage. Froukje tana gefensa, ta dafa shi, don gwiwa ba ta san biki ba.

Litinin ta aika wa mutanen Drachten cewa a ba wani. Ba ta yi murna ba, kuma ba ta yi kamar ta yi ba. Talata Ulbe ya zo kofi, da sandar ubansa a hammata, ya ce ni ce a tudu, ni ta dace da ita. Na karɓa. Na ce masa kafin ya taɓa allon kowa, akwai aikin da makahonsa zai fara yi: matakala mai faɗi, mai kwanciya, da abin dafawa, daga gaɓa har ƙofar ɗakinsu da cikin shagon. Ya ce ya riga ya zana. Na ce in gani, ya nuna mini, na sa ya ƙara hawa biyu.

Yanzu kowace safiya ƙarfe tara kukan injin yake tsallako ruwa ya shigo mini ɗaki, na yi ƙorafi har na gaji. In ya yi shiru da yamma, Froukje takan sauka a hankali ta sabuwar matakala ta lulluɓe shi saboda ƙura. Da shuɗin yadi mai 'yan furanni. Ya ɗan gaza ta baya, don da tagar wani wuri aka auna shi.